Ku Gama Dariyar, Sannan Mu Tafi Dakota

A tsakiyar Amurka, can jihohin Dakota guda biyu, akwai magidanta masu cikakken hankali, waɗansunsu har da jikoki, da ke tashi tun kafin assalatu a watan Nuwamba, lokacin da ruwan da ya kwana a bokiti kan wayi gari ya daskare. Su ɗaura wa mota kwale-kwale, su gangara tafki, su wuni iska tana yankar musu fuska, duk don wani kifi da yawanci bai cika kilo ɗaya ba. In kuwa aka yi dace babba ya faɗo hannu, mai kilo huɗu ko biyar, sai a rungume shi a yi hoto, a lallaɓa a mai da shi ruwa, a koma gida ana washe baki. Sunan kifin wolai.

To, bismilla, a yi dariyar, ba na sauri. Ga Alhaji can ya ajiye kofin shayi yana neman wanda za su tafa. Hajiya ta riƙe haɓa. Ɗan'uwana Bakabe kuwa ko murmushi ya ƙi yi, shi a wurinsa zancen nan cin fuska ne ga sana'a. In kun gama sai mu zauna, don kowannenku yana da gaskiya, sai dai guntuwa ce.

Bari in fara da kai, mutumin Argungu, tunda kai ka fi kumbura. Ka ce a Matan Fada ko yaro ne ya kawo irin wannan gaban Sarkin Ruwa, sai a tambaye shi ina kifin yake. Ban musa ba. Giwan ruwan da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne, sai da ƙarti suka taru suka ciccibe shi. Wolai mafi girma da aka taɓa rubutawa, wanda aka kama a 1960 a tafkin Old Hickory na jihar Tenesi, kilo 11 ne da 'yan kai. Shi ɗin ma ba a bar shi ya huta ba. Bayan shekara talatin da wani abu, masu bin diddigi suka zaro tsohon hoton, suka gwada faɗin hannun mai kifin da tsawon kifin, suka ce lissafi bai fita ba. Wata ƙungiya ta goge shi daga littafinta, wata ta ce tana nan a kan bakanta. Ashe gardamar masunta ba a Kabi kaɗai ake yin ta ba.

Zan ma ƙara maka makami, kyauta. Kifin nan ba jarumi ba ne. Wanda ya taɓa ɗaukar tsage a ƙugiya ya san abin da ake kira kokawa. Shi wolai sai ya girgiza kai sau biyu ko uku, ya ɗan nutsa, ya biyo zare. Su kansu masu kama shi suna yi masa ba'a, suna kwatanta jawo shi da jawo jiƙaƙƙen tsumma. Ba girma, ba faɗa. Na ga kana gyaɗa kai, kana jin ka ci shari'a. Zauna tukuna.

Hajiya, ke tambayarki ita ce ta masu hankali: yaya yake a baki? A nan kam an zo wurin. Tsokarsa fara ce tas, ba ƙarni, ba yawan maiƙo, kuma ba shi da 'yan ƙayoyin nan da ke sa uwa ta tsaya a kan yaro tana cewa ci a hankali. Wuƙa biyu ake yi masa, ɗaya ta kowane gefe, tsoka ta fito falle-falle, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a gari, a jefa a mai. Waɗanda suka san kan abin ba sa yar da kai sai sun ƙwaƙule kumatunsa, 'yar tsoka guda a kowane kunci, wadda ake rigima a kanta a faranti. Na san za ki ce kifin da ba a yi masa yaji da attaruhu ba ai magani ne. Ni ma da za a ba ni shi, ke zan kawo wa. Amma ki sani jihar Minesota da Dakota ta Kudu kowacce ta naɗa shi kifin jiha a hukumance, haka lardunan Manitoba da Saskacewan a Kanada. Mutane ba sa yi wa abin da ba shi da daɗi sarauta.

Duk da haka ba ciki ne ke fitar da su cikin sanyin nan ba. Da ciki ne, da sun saya a kanti sun huta. Abin da ke jan su shi ne kifin yana da wuyar samu, kuma wuyar tasa tana da dalili, wanda ya gane dalilin ya kama, wanda bai gane ba ya wuni yana wanke tana.

Dalili na farko a idonsa yake. Can bayan ƙwayar idon akwai wani shimfiɗi mai mai da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli in an dallare ta da tocila. Saboda haka yana gani a inda ƙananan kifayen da yake ci ba sa gani, kuma rana mai ƙwalla tana damun sa. Farautarsa sai da asuba, da almuru, da dare, da ranar hadari, da ranar iska. Ranar da ruwa ya kwanta luf, sama ta yi garau, wadda ku za ku ce yau ce ranar shiga kwale-kwale, ranar ce masuncin wolai ke tsaki. So yake iska ta taso ta daki gaɓa, ta kwaɓe yumɓun bakin tafki, ruwa ya yi jirwaye, nan ja can gari. A daidai layin da ruwan laka ya haɗu da mai tsabta, nan wolai ke laɓewa. Wato mutumin nan addu'ar iska yake yi, a ƙasar da iska ba ta da dutse ko daji da zai tare ta. In ta yi yawa kuma, igiyar ruwa ta fi tsawon mutum, a ruwan da in ka faɗa cikinsa kamar minti goma ya isa hannuwanka su daina bin umarninka. Shi ya sa mai hankalin cikinsu ba ya cire rigar ceto ko da fitsari zai yi.

Na ji wani daga baya yana cewa, wai duk wannan a wane kududdufi ake yi? Kai, wanke bakinka. Kogin Misuri ne aka yi wa manyan madatsu shida. Madatsar Fort Peck ta jihar Montana ita ce babbar yaya, an gama ta a 1940. Sauran biyar ɗin sun biyo bayan dokar hana ambaliya ta 1944: Garrison, Oahe, Big Bend, Fort Randall da Gavins Point, duka a hannun injiniyoyin sojan Amurka. Tafkin Oahe, wanda Shugaba Kennedy ya buɗe madatsarsa a watan Agusta na 1962, ya miƙe kimanin kilomita 370 daga birnin Pierre har kusa da birnin Bismarck. Ka tashi daga Kano ka wuce Kaduna, har yanzu kana cikin ruwa. Tafkin Sakakawea, wanda madatsar Garrison ta tara, ya haura kilomita 280. Kainji tamu, da muke tinƙaho da ita, ba ta kai rabin Oahe a tsawo ba.

A nan zan ɗan sassauta wasan, don abin da ke ƙarƙashin ruwan ba na wasa ba ne. Ƙasar da ruwa ya ci ba kango ba ce. Fadama ce mafi albarka ta ƙabilun asalin ƙasar. Madatsar Garrison ta haɗiye fiye da eka 150,000 na Mandan da Hidatsa da Arikara, har da garinsu Elbowoods, da asibitinsa da makarantarsa. Akwai sanannen hoton 1948, inda shugabansu George Gillette ya rufe fuska yana kuka ana sa hannu a takardar. Oahe ma ta ci kwatankwacin haka daga mutanen Standing Rock da Cheyenne River. Mutumin Yawuri da na Borgu ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san inda tsohuwar Busa take tun 1968.

Me ya kawo wannan cikin zancen kifi? Ai shi ne zancen. Tafkin nan kogi ne da aka toshe wa baki, kuma duk abin da ke ƙasa yana nan. Tsohuwar hanyar kogin tana nan tana lanƙwasa a ƙarƙashi. Bakin rafukan da ke zubowa cikinsa a da yana nan. Tuddai sun zama tsibiran da ba a gani, tsofaffin tituna suna kwance, manyan itatuwan fadama suna tsaye a cikin ruwa ba ganye. Wolai da waɗannan yake aiki. Yana bin gefen tsohuwar hanyar kogi, yana tsayawa a hancin tudu inda ƙasa ta yanke ta faɗa zurfi, yana rataye a saman rassan itatuwan da suka nutse. Wanda ya kalli Oahe ya ga fili ɗaya na ruwa ba zai kama komai ba. Gwani yana tuƙi a sama ne, amma a zuciyarsa ƙasar 1950 yake takawa. Bakabe, in ba son gardama ba, wannan ba shi ne ilimin da kakanka ya bar maka ba? Shi ma ai ba ruwa yake kallo ba, gurbi yake nema.

Sai batun kaka, wadda ita ce ta fi ɗaure muku kai. Me ya hana su yi abinsu da zafi, su huta in sanyi ya shigo?

Da zafi ma suna yi, har sun fi yawa. Amma ga abin da ke faruwa. A watannin zafi ruwan tafki mai zurfi hawa-hawa yake, na sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi, kuma ba sa gauraya. Da Satumba ta raba, dare ya fara tsawo, na saman ya huce. Ruwa kuwa yana ƙara nauyi in yana hucewa, har ya sauka digiri 4. Sai na saman ya nutse, na ƙasan ya taso, iska ta tuƙa su, tafki ya juye gaba ɗaya. Na 'yan kwanaki abin kan rikice, kifi ya watse, masunta su dawo suna zargin wata da taurari. Daga nan zafin ruwa da iskar shaƙarsa su zama ɗaya daga sama har ƙasa, shingen da ya tsare kifi ya faɗi. Wolai na iya kasancewa a zurfin mita biyu da safe, a same shi a mita goma sha biyar da azahar. Wahala ta ƙaru ke nan. Amma a daidai lokacin ne cikinsa ke buɗewa.

Manyan wolai kusan duk mata ne. Namijin ƙarami ne, ba ya zuwa ko'ina, kuma Hajiya, na ga murmushin nan, a bar shi a nan. Sai bayan hunturu macen ke zuba ƙwai a kan tsakuwa, da zarar ƙanƙara ta narke, amma tun kaka take haɗa shi a ciki, kuma babba tana iya ɗaukar ƙwai dubu ɗari biyu ko fiye. Mai irin wannan ɗawainiya ba ta wasa da abinci. Ci take yi ba ƙaƙƙautawa, tana ƙiba, tana yin sakacin da ba ta yi a watan Yuli. Ga shaida. Kambun wolai mafi nauyi a Dakota ta Kudu ya zauna tun Nuwamban 2002 ba wanda ya taɓa shi. A ƙarshen Oktoban 2023 aka karya shi a Oahe. Mai sabon kambun bai gama amsa barka ba, cikin Nuwamba wani ya fito da mai kilo 8 daga tafkin dai, ya ture shi. Dubi watannin da kyau, sannan ka sake tambaya ta me ya sa ba sa zama a gida su sha shayi.

Kuma da kaka ne kifin ke tuna cewa shi ɗan kogi ne. Da yawa daga cikinsu sukan kama hanya su yi sama, su bar ruwa mai zurfi na kusa da madatsa, su nufi inda tafki ya tsuke ya fara gudu, kusa da inda za su yi ƙwai in lokaci ya yi. Na Oahe su yi arewa, ta garin Mobridge har zuwa wajen Bismarck. Na tafkin Francis Case, ɗaya daga cikin tafkunan kogin, su taru wajen garin Chamberlain. Shi Francis Case ma da gangan ake zuƙe shi duk kaka, a rage kusan mita biyar, don a samu wurin zuba ruwan da madatsun sama za su sako da hunturu suna ba da wutar lantarki. Wurin da ka kama kifi a Satumba, ka dawo a Nuwamba ka tarar da tsuntsaye suna yawo a kai. Masuncin can yana sauraron sanarwar injiniyoyin soja fiye da yadda yake sauraron matarsa, don yawan ruwan da aka saki jiya shi ke faɗa masa inda kifi ya kwana.

Akwai wani ɗan kifi kuma da duk harkar ta rataya a wuyansa, siriri, fari, bai fi tsawon yatsa zuwa tafin hannu ba, ana ce masa simelt. Ba ɗan asalin kogin ba ne. A 1971 aka zuba shi a Sakakawea, ya bi ruwa ya gangara Oahe, ya yaɗu, wolai ya samu gara ya yi ta ƙiba. Sai 1997 aka yi ruwa mai yawa, aka buɗe madatsa, simelt miliyoyi suka bi ta ƙofofin suka tafi. Aka sake maimaitawa a ambaliyar 2011, lokacin da ake sakin kimanin kubik mita 4,500 a kowace daƙiƙa daga Oahe. Bayan kowanne, wolai suka rame, kai ƙato, jiki ba komai. Kun san abin da hukuma ta yi? Ƙara wa masunta adadin da za su ɗauka ta yi, ta ce a rage bakunan, abinci ba ya isa. Mutanen da kuke cewa ba su san darajar kifi ba, ƙidayar abincin kifinsu suke yi duk shekara. Mu da ake tace ruwa da gidan sauro a kwashe har jikokin karfasa, ina ganin gara mu rage sautin dariyar kaɗan a wannan gaɓar.

Yanzu kayan aiki, don na ga ɗan samarin can yana ta leƙe. Ba koma, ba taru, ba birgi, doka ta hana. Sanda ce da zare da ƙugiya, wato fatsa, sai dai fatsar ta je makaranta. Mafi sauƙi, kuma mafi farin jini da kaka, ƙugiya ce mai kan darma. A soka mata ɗan kifi mai rai, a sake ta har ta taɓa ƙasa, a riƙa ɗagawa ana saukewa a hankali. Cizon wolai ba fizga ba ne. Ɗan ƙwal ne guda, wani lokaci ma nauyi kawai za ka ji ya ƙaru, kuma yatsun da za su ji shi sun daskare tun hantsi. In ka yi gaggawa ka fizge daga bakinsa, in ka yi nawa ya tofar. Da kaka kuma ba a rowar koto. 'Yan kifayen da aka ƙyanƙyashe farkon shekara sun girma, don haka wolai babban loma yake nema, har akan sa masa koto mai tsawon tafin hannu. Tana da matsattsaku, waɗanda ke aiki da zafi, yanzu an jingine su.

Akwai wata waya mai lanƙwasa da darma a tsakiyarta, wadda ake ja tana tafiya a kan ƙafa ɗaya bisa duwatsu ba ta maƙalewa, koto yana biye da ita a baya. A Bismarck aka ƙirƙiro ta, saboda irin ƙasan waɗannan tafkunan. Akwai kuma zare mai darma a cikinsa, wanda launinsa ke canzawa duk bayan kimanin mita tara, kowane launi yana nutsar da kifin roba kamar mita ɗaya da rabi. Sai ka ji dattijo da gemunsa yana ce wa abokinsa jiya a launi shida ya same su, kuma a fahimce shi sarai. Wanda ba shi da kwale-kwale ma ba a bar shi a baya ba. Da farin wata na Oktoba da Nuwamba sai ya sa dogon takalmin roba, ya tsaya a kan duwatsun gindin madatsa cikin dare, yana jifa yana jawowa, ruwan da ke kan zaren yana daskarewa a zoben sanda.

Kai ɗan boko mai waya a hannu, na san inda za ka. Za ka ce ai yanzu na'ura ce ke yin komai. Ka taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, na'urar da ke nuna kifi a allo yana motsi a gaban kwale-kwale, kana ganin kotonka yana sauka, kana ganin kifin ya juyo ya dube shi. Tun daga nan gidan ya rabu biyu. Dattawa suna cewa wannan ba su ba ne, wasan kwamfuta ne, yara sun wuni kai a sunkuye ba su ma san launin sama ba. Samari suna cewa Baba, taswirar da ke allonka fa, da wahayi ta zo? Ra'ayina, tunda ba wanda ya tambaya: dattawan suna da hujja a wuri guda. Manyan matan nan da ke yawo su kaɗai a tsakiyar ruwa, a da ba mai iya samun su sai da sa'a, yanzu ana bin su ɗaya-ɗaya. Amma na'urar tana da nata horon. A da in ka dawo hannu rabbana sai ka ce kifi ba ya nan. Yanzu kana kallon sa, ya zo, ya shinshina, ya juya maka wutsiya, kuma abokinka ma ya gani.

Mu dawo kan abin da ya fi ci wa Hajiya rai, wato sakin babba. Rabin amsar doka ce. A Dakota ta Kudu ƙa'idar gama-gari a shekarun nan ita ce guda 4 a rana, kuma ɗaya tak aka yarda ya kai inci 20, kimanin santimita 51. Dakota ta Arewa 5 take bari. A waɗansu tafkunan wanda bai kai inci 15 ba sai a mai da shi, in ban da tsakiyar zafi. Ma'aikacin gandun daji yana iya tare ka a bakin ruwa da ma'auninsa, kuma ba a ce masa yallaɓai a yi haƙuri. Ɗaya rabin kuma lissafin ciki ne. Mai inci 15 zuwa 18 ya fi daɗi, tsohuwa kuwa namanta ya yi sako-sako, ga sinadarin makuri da ke taruwa a jikin kifi in ya daɗe a duniya. Wato dai sun ci mai daɗin, sun saki marar daɗin, sannan suna karɓar yabo a kan tausayi. Wayo ke nan, ba wauta ba.

Kada kuma a ɗauka kowane saki alheri ne. Wolai yana da jakar iska a ciki wadda ba ya iya sacewa da sauri. In aka fizgo shi daga zurfin da ya wuce kamar mita 9, jakar ta kumbura, idanu su firfito, wani lokaci tumbi ya leƙo ta baki. Ka sake shi, ya yi ta yawo a sama ciki a buɗe har tsuntsu ya ɗauka. Da kaka kuwa, da kifi ke sauka zurfi, abin ya fi yawa. Shi ya sa masanan kifi na jihohin suke cewa in a zurfi kake kamawa, ƙirga abin da doka ta ba ka, ka naɗe zarenka ka tafi. Wanda ya kama talatin a mita goma sha biyar ya sake su duka yana jin shi waliyyi ne, ya fi mai cin huɗu ɓarna.

Alhaji, na san tun ɗazu kake danna kalkuleta. Kwale-kwale, akwai wanda ya haura dala 100,000. Ga mota mai jan sa, ga mai, ga lasisi, ga na'urori. A raba da kifi huɗu. To nawa ake sayar da kilo? Riƙe kujerarka: ba a sayarwa. Kifin da aka kama da lasisin nishaɗi haramun ne a kai shi kasuwa. Wolai da ake ci a gidajen abincin Amurka yawancinsa daga Kanada ake shigo da shi, daga tafkin Winnipeg da makamantansa. Sannu, sha ruwa. Amma da kai ne a Mobridge ko Chamberlain, ba kifi za ka kama ba, masu kama kifin za ka kama: masauki, man fetur, koto, abinci, ɗan jagora mai kai baƙi inda kifi yake a biya shi kuɗin wuni. Garuruwan sun san wanda ke ciyar da su. A Garrison ta Dakota ta Arewa an kafa gunkin wolai mai tsawon mita 8. A Mobridge kuwa wani maƙeri ya harhaɗa tsofaffin ƙarafa ya ƙera makiyayi da malafarsa a kan wolai, yana sukuwa. Kakar ma tana da nata ciniki. Ranar Asabar ta uku ga Oktoba ake buɗe farautar wani tsuntsu ɗan'uwan fakara a Dakota ta Kudu, jama'a su ajiye sanda su ɗauki bindiga, tafki ya yi shiru. Masu haɗama su yi kifi da safe, tsuntsu da yamma. Masu wayo su bar musu dajin, su gaji ruwan.

Saura kai, Malam, da ka yi shiru tun farko, sai yanzu ka ce ai dai su Turawa ba sa algus. Allah ya ba ka haƙuri. Ranar 30 ga Satumba, 2022, a birnin Cleveland, bakin tafkin Erie, ana awon kifin wata gasar wolai da za ta ba wasu mutum biyu kusan dala 29,000. Alƙalin gasa ya dubi kifayen, ya dubi sikeli, ya ga nauyin ya fi jikin. Ya sa wuƙa ya farke ciki, sai ga dunƙulen darma suna faɗowa, har da tsokar wani kifin da aka cusa don kada darmar ta yi ƙara. Aka ɗauka a waya, duniya ta gani. Kotu ta ba su kwana 10 a gidan yari, aka ƙwace kwale-kwalen, aka dakatar da lasisinsu shekara uku. Bakabe, kada ka ce komai. A 2008 a Argungu an karɓe kambu daga wanda ya ci gasa, bisa zargin ya shigo da mataccen kifi daga wani wuri. Naku dai ya fi nasu girma, wannan na ba ka.

Wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba lungunan tafkin kan fara daskarewa, gangaren da ake sauke kwale-kwale ya yi santsi, na ƙarshen masu taurin kai su ja nasu su kai rumfa. Kuna tsammanin sun haƙura ke nan? Jira suke ƙanƙara ta yi kauri. Sannan su taka a kan tafkin, su huda rami da injin, su kafa ɗan ɗaki a kai, su kunna murhu a ciki, waɗansu har da mota suke hawa, a kan ruwan da kogi ke gudu a ƙarƙashinsa yana cin ƙanƙarar ta ƙasa. Wannan shari'ar kam ban karɓi kuɗin lauya a kanta ba. Alhaji, ɗauki shayinka, ku tafa.